Ƙanwata Ta Tayar da Wanda Na Kashe a Labari

Shekarar da aka tura ni koyarwa wani ƙauye a kwarin Tarka, ina tsakiyar rubuta labari. Na riga na yi wata huɗu ina sa shi babi-babi a gurup ɗin masu karatu na waya, Talata da Asabar. Labarin wani mai haƙar rijiya ne. Na sauya masa gari da kamanni, amma kawunmu ne, ƙanen innarmu, wanda rijiya ta rufta da shi a wajen Tenhya ina ƴar shekara goma sha ɗaya. Tun babin farko na san inda zan kai shi.

Ƙauyen babu rezon waya. Mai son kira sai ya yi tafiyar sa'a guda zuwa wani tudu, a can ma murya ce kawai take wucewa, tana yankewa. Aji biyu aka haɗa mini a rumfar zana ɗaya. Da safe ina gaban allo, da la'asar ina duba aikin yara ina shirya darasin gobe, domin direktan makarantar ba ya ɗaga ƙafa a kan wannan. Abin da ya rage mini shi ne ɗan lokacin nan bayan azahar, da rana take kwantar da kowa. Nan nake zama da alƙalamin bik da takarda, zufa tana ɗiga a kan rubutun.

Da ƙanwata muka shirya. Tana da shagon ɗinki a Tanout, kuma hannunta ya fi nawa sauri a waya. Duk ranar kasuwa sai in ba direban motar da ke bi ta Belbédji takarduna a ambulan, ya kai mata, ita ta buga ta sa a gurup da sunana. Ta ce, "Yaya, ki kwantar da hankalinki, ko waƙafi ba zan taɓa ba."

Wata biyu da rabi ban ga gurup ɗin ba. Da aka ba mu hutun ƙarshen Disamba na hau bayan mota, a kan buhunan hatsi, akuya tana taka mini ƙafa tun safe har la'asar. Muna dosar Tanout waya ta fara rawa a jaka, ta ƙi tsayawa. Na buɗe, sai addu'o'i. Wata ta ce Allah ya saka mini da na fito da shi. Wata ta ce ta yi sadaka ranar da ya buɗe ido. Na rasa wa suke nufi.

A tasha, a tsaye, na karanta. A babin da na aiko, ƙasa ta rufta da shi, mutane suna jin muryarsa daga ciki har yamma yana roƙon ruwa, daga nan aka daina ji. Haka aka yi wa kawu, ina wurin, ina riƙe da zanen Inna. A babin da ke gurup kuwa, wani alhaji ne ya zo wucewa da mota da igiya, aka zaro shi da ƙujewa a goshi. Babi shida suka biyo baya, babu jimlata ko ɗaya a ciki. Mutumin da na sani da faso a ƙafa ya koma Damagaram, ya buɗe kamfanin haƙar fanfo, yana sa shadda, yana fesa turare. Duk da sunana a sama.

Ban wuce gida ba. Da jakata na faɗa shagon, akwai mata biyu suna jiran ɗinki, ban ko gaishe su ba.

Na ce, "Ina takarduna?"

Ta tsayar da keke. "Yaya, sannu da hanya. Ki zauna tukuna."

"Ina takarduna, na ce!"

Ta jawo akwatin da ke ƙarƙashin tebur. Suna nan cikin ƙyallaye. A bayan shafin da matar mai haƙar take zaune bakin rijiyar ta ƙi tashi, shafin da na yi kwana uku ina gogewa ina sakewa, an rubuta awon wata: kafaɗa, ƙugu, tsawon hannu.

Ta ce, "Ba ki san abin da na gani ba. Rabin babin kawai na sa, inda ƙasa ta fara zubowa, suka yi mini ca. Lambata suka samo. Wata har shagon nan ta zo ta ce in kin kashe shi ba ta yafe ba. Ke kina daji kin huta, ni nake shan zagi."

"Na huta?" Muryata har waje. Na faɗa mata yadda nake hutawa: ruwan da nake saye a jarka, yaran da nake koya wa karatu babu benci, ranar da iska ta kwashe rumfar muka ƙarasa darasi a gindin aduwa. Na ce a cikin wannan na tsinci lokacin da na rubuta abin da ta mayar takardar awo. Na ce in labari take so ta rubuta nata, ta sa sunanta, a zage ta da hujja. Matan nan biyu suka sulale.

Na kwashi takarduna na tafi gida, na zube wa Inna komai, ina jira ta kira ta ta yi mata faɗa. Inna tana tankaɗe, ba ta ɗago ba sai da na gama. Ita ba ta karatu, ashe tun farkon labarin ƙanwata ce take karanta mata kowane babi.

Inna ta ce, "Ni na ce ta fito da shi."

Na zauna a gabanta da takardun a hannu.

Ta ce, "Tun babi na uku na gane ko wane ne. Sau ɗaya ya ishe ni, ɗiyata."

Fushin bai tafi ba, wurin sauke shi ne na rasa. Na shiga ɗaki na sauke shi a gurup. Na rubuta cewa babi bakwai na ƙarshe ba nawa ba ne, ban faɗi ko na wa ba ne, na ce zan sa na gaskiya. Kwana huɗu na hutuna na ƙarar ina bugawa da yatsa ɗaya.

Abin da suka mayar mini har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Wata ta ce ba ni da imani. Wata ta ce in mayar da wayar hannun wadda ta iya. Wadda ta fi ƙona ni ta rubuta cewa malaman makarantar lakwal dama ba su da aikin yi sai hutu, me ya hana ni zuwa in sa da kaina tun farko. Matar da ba ta taɓa kwana inda babu fanka ba, ina jin, ita take gaya mini haka. Kusan rabinsu suka fita. Na bar su suka fita, ban roƙi kowa ba.

Da hutu ya ƙare na koma ƙauye. Ban sake ba direba ambulan ba. Na ƙarasa labarin a takarda, na sa shi gaba ɗaya da hutun Maris, ga waɗanda suka rage. Ba su da yawa, amma wani dattijo daga Tarka, wanda ɗansa yake karanta masa, ya aiko da murya ya ce haka ƙasa take yi, ya taɓa tsayawa a bakin irin wannan rami.

Ni da ƙanwata mun yi wata biyar gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Da ƙaramar salla ta aiko mini da riga, na sa. Ba ta ba ni haƙuri ba, ni ma ban ce na yafe ba. Inna kuwa ba ta taɓa cewa in karanta mata nawa ba, ni kuma ban taɓa tayi ba.