Tsallaken da Na Sa Inna Ta Yi

Yau idan ka sauka a unguwar Xiaobei ta birnin Guangzhou a ƙasar Sin za ka ji Hausa ta ko'ina, ga gidajen abincin halal a jere. A ƙarshen shekarun 1990 ba haka Guangzhou take ba. Mu 'yan kaɗan ne, kowa ya san kowa. A lokacin na riga na manyanta, na zauna Jidda, na yi Abidjan da Bangkok, ina jin Larabci da Faransanci da ɗan abin da ba a rasa ba na Sinanci. Ni ake nema in za a je asibiti ko an saɓa da mai gidan haya, har na ɗauka babu rigimar da bakina ba zai kashe ba.

Akwai wata dattijuwa daga wajen Maraɗi da muke kira Inna. Ƙanenta ne ya kawo ta don ta riƙa yi masa girki, sai ɗakinsu ya zama wurin cin tuwonmu duka. Mace ce mai barkwanci, ba ta ƙyale kowa. Wata rana ta dubi wani Alhaji ɗan Kano mai sarin wanduna daga Xintang, ta ce ya yi ɓul-ɓul kamar ragon layya, saura wuƙa. Aka yi dariya, har da shi.

Ba a jima ba zazzaɓi ya kwantar da shi. A ƙaramin asibitin unguwa suka ce mura ce, jiki kuwa sai ƙara rikicewa yake. Cikin zafin ciwo ya riƙa kiran Inna. Da kunnena na ji, kunun tsamiya yake roƙo ta dama masa. Amma a wurinmu wanda mara lafiya ya ambata, shi ya kama masa kurwa. Sai aka tuno maganar ragon. Kafin a watse daga sallar Juma'a a Masallacin Huaisheng, kowa ya ji cewa Inna mayya ce.

'Yan'uwan Alhajin suka dage sai ta tsallake shi, ta kuskure baki a ba shi ruwan ya sha, kamar yadda ake yi wa maye a gida don ya saki wanda ya kama. Ƙanenta ya tafi Hong Kong sabunta biza. Ba mu da mai unguwa, ba mu da alƙali. Na yi magana har muryata ta dushe, wani a cikinsu ya nuna ni ya ce Baba ai yawon duniya ya cinye masa imani, wani ya ce a'a, miyar Inna ce ta yi masa yawa. Da na ga sun fara maganar duka, na ja ta gefe na ce ta tsallake kawai a huta, me zai rage ta da shi. Ta kalle ni tana hawaye, ta ce Malam, kai da ka ga duniya, in ya tashi me za su ce, in ya mutu me za su ce? Na ce mata Allah na gani. Ta tattare zaninta ta tsallake, maza na tsaye suna kallo.

A ranar na matsa aka mayar da shi babban asibiti. Likita ya duba jini ya ce zazzaɓin cizon sauro ne da ya taho da shi daga gida. Aka yi masa allurai, ya miƙe. Na zaga ina faɗa wa kowa abin da likita ya ce, amma amsa ɗaya nake samu: ta sake shi. Na roƙi Alhajin ya wanke ta, ya ce shi bai tuna komai ba, kuma ba zai ƙaryata 'yan'uwansa a bainar jama'a ba. Tuwonta ya riƙa kwana a tukunya. Da ta koma gida ta tarar labari ya riga ta isa, manemin 'yarta ya janye, don an ce a nono ake shan maita.

Bayan shekaru na je garinsu da ƙafata, na zauna gaban dattawa na ba da shaida. Suka saurare ni, suka ba ni fura. Sannan babbansu ya tambaye ni a hankali, ta tsallake shi ko ba ta tsallake ba, ya tashi ko bai tashi ba.

Ina jin a rediyo cewa a wasu ƙasashen Turai ana fafutukar wanke matan da aka kashe da sunan maita ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Su kotu ce ta yanke musu hukunci, akwai inda za a je a ce an yi kuskure. Inna ba kotun da ta kama ta, don haka ba kotun da za ta sake ta. Ina roƙon mai karatu, in aka nuna wani da wannan suna a gabanka, kada ka ce ya bi masu zarginsa don a zauna lafiya. Ka tsaya a bakin ƙofa, ko za a haɗa da kai a duka. Gwajin da ba shi da hanyar kuɓuta ba gwaji ba ne.

Inna ta rasu. Har yau a garinsu ba a aiken yaro ɗebo wuta a gidan jikokinta.