Kukan Motar Surukina

Abubuwa da yawa sun bi ta kaina a aikin kanikanci, yawancinsu na manta da su sarai. Amma abin da ya faru tsakanina da motar surukina, wallahi ko tsufa ya sa na fara rikita sunayen jikokina, shi kam ba zan manta da shi ba. Har yau in na ji inji yana ƙwanƙwasa sai ya faɗo mini a rai.

A lokacin na fi shekara ashirin ina kwanciya ƙarƙashin motocin mutane a Boɗinga. Abin da aka san ni da shi kunne ne. Ina da wata doguwar sukudireba, sai in kafa bakinta a jikin inji, in ɗora kunnena a kan mariƙin, in ce wa mai mota ga ciwon motarka. Sau da yawa kuwa haka ɗin ne. Yabo ya yi mini yawa har na fara yarda cewa ba na kuskure.

Surukina, wato mahaifin matata, manomin albasa ne a wani ƙauye kusa da Dandin Mahe, a ƙasar Shagari. Dattijo ne marar yawan magana. Yana da bijimai biyu na huɗa, ja da fari, waɗanda ya raina tun suna maruƙa, ya hore su da hannunsa. Da su yake noman gero da dawar da gidansa ke ci. Ya gaji da jiran motar haya tana ɓata masa albasa a rana, sai ya tattara abin da ya samu ya sayi wata tsohuwar a-kori-kura. Motar ta sha duniya. Agogon da ke ƙirga tafiyarta ya mutu tun ba a san ranar ba, kujerar direba kuwa buhu aka ninka aka toshe raminta. Da aka kawo ta, mako guda ta yi a garejina ina gyaggyara ta kafin ya fara aiki da ita.

A makon nan ne na fara ganin abin. Can bayan inji, a lungun da ke tsakaninsa da jikin mota, an ɗaure wani ƙahon rago da waya, an rufe bakinsa da jar fata. Ina ganinsa na janye hannuna. Na ce a raina Baba ya riga ya yi wa motarsa tsari. Mu nan ba a taɓa irin wannan abu na wani, ba a kuma tambaya, balle na suruki.

Wanda bai san kunyar suruki a wajenmu ba, ba zai gane sauran labarin ba. Shekara goma sha shida ina auren 'yarsa, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kallon tsakar idonsa ba. In na hango shi sai in tuɓe takalma in durƙusa, shi kuma ya kawar da kai yana amsa gaisuwa. Duk wata magana mai tsawo, ta bakin matata take bi.

Wata bazara, ana tsakiyar kwasar albasa, matata ta dawo daga ganin gida ta ce, "Malam, Baba ya ce motatai na wani kuka. Zai kawo ma ita ka duba."

Washegari ya iso. Na durƙusa muka gaisa, ni ina kallon ƙasa, shi yana kallon titi. Ya ce, "Ga ta nan, Malam. Wani abu na bugawa ciki." Ya miƙo makulli, ya tsallaka hanya, ya je ya zauna a inuwar masallaci.

Da wani ne ya kawo mini mota, da na tsare shi da tambaya. Yaushe take kukan? Da sanyin safiya ko in ta yi zafi? Da kaya ko ba kaya? A hawa ko a gangara? Wannan shi ne rabin aikin. Amma ta yaya zan tsayar da uban matata a rana ina yi masa tambayoyi kamar ɗan sanda? Sai na yi shiru, na dogara da kunnena.

Na tayar da inji, na kafa sukudireba a sama, na kafa a ƙasa, na kafa a gefe. Ba abin da na ji sai gurnanin tsufa irin na kowace tsohuwar mota. Na hau ta ni kaɗai, ba kaya, na yi nisa a hanyar Shagari na dawo. Shiru. Don kada in mayar masa da ita haka, na sauya fanbel da fulogi, na juye baƙin mai na zuba sabo. Na tsallaka na durƙusa na ce, "Baba, an duba." Ya sa mini albarka ya tafi.

Kwana huɗu ya dawo da ita. Na gyara bawul, na ɗaure salansa. Bayan mako ya sake dawowa. Kai, na gaji! Zafin bazara ya kai inda in ka ajiye sifana a rana ba ka iya ɗaukarta da hannu, ga motocin mutane sun yi layi, ga wannan tsohuwa ta zo ta tsaya mini a wuya. Wannan karon na kwance tukunyar mai ta ƙasa, na ciro mital, wato ƙarafan da sandar inji ke juyawa a kansu, na duba. Sun ci, amma wace mota ce mai irin shekarunta da nata ba su ci ba? Na sa sababbi, na ɗaure. Kwana biyu na yi a kanta, bayana kamar zai tsinke.

Ranar da ya kawo ta karo na huɗu, ina hango ta daga nesa na ji raina ya ɓaci. Maƙwabtana masu faci da masu walda suka fara zolaya, wai mai kunnen zinariya ya gamu da gamonsa. A nan na yi abin da har yau nake jin nauyinsa. Maimakon in ce ban ji kukan nan ba ko sau ɗaya, ban san ko mene ne ba, sai na koma gida na ce wa matata, "Ki hwaɗa ma Baba injin nan ya gama. Sai dai a sayi wani a ɗora." Na faɗa ne don in huta. Shi kuwa bai ja da maganata ba, don shi ma kunyata yake ji.

Bayan 'yan kwanaki, muna zaune da la'asar, matata tana tsince shinkafa, ta ce, "Baba zai sai da shanun huɗa shi sayi injin."

Na ce, "Shanun? Ga damina ta ƙarato?"

Ta ce, "To mi zai sayar? Albasa ba ta yi kuɗi ba bana, kuma rabinta na nan jibge tana jiran mota."

Kwana biyu ina juya maganar a raina, ina cewa gobe zan yi wani abu. Ita ta lura ba na cin abincin kirki. A rana ta uku da safe, tana miƙo mini kunu, ta tsaya ta dube ni, ta ce, "Malam, don Allah in tambaye ka. Kukan nan, kai ka ji shi da kunnenka?"

Na ce, "Ban ji ba."

Ta ajiye kwanon a ƙasa. "Ba ka ji ba, kac ce inji ya mutu? Tsohon nan da shanun nan yake ci da gida hwa! Kunyar mi kake ji da ta hi wannan? Tashi ka tahi."

Ban taɓa jin ta yi mini magana da irin wannan murya ba. Ko kunun ban sha ba na hau babur.

Na iske shi a ƙofar gida da hantsi, an gama ɗora wa motar buhunan albasa har sun ɗara kan direba. Na durƙusa, muka gaisa. Sannan na ce, "Baba, ina son in bi ka cikin mota, in ji kukan nan da kaina." Ya ce, "To, bismilla."

Ban taɓa zama kusa da shi haka ba. Gaban motar ƙarami ne, kafaɗata na gogar tasa. Na manne da ƙofa, na zuba wa tagar ido, zufa tana bin bayana. Muka bi hanyar ƙasa a hankali, motar tana nishi da nauyi, warin albasa ya cika ko'ina. Ba kuka. Har na fara cewa a raina yau ma haka za a yi. Sai muka zo inda hanyar ƙauye ke hawa kan kwalta. Ya sa giya ta ɗaya, ya taka totur.

Ƙwas! Ƙwas! Ƙwas-ƙwas-ƙwas!

Ya ce, "Ka ji shi."

Na ji shi kuwa. Yana ɗaga ƙafa kukan ya ɗauke, yana sake takawa ya dawo. Kuma wannan ba kukan ƙarfe da ƙarfe ba ne na cikin inji. Busasshen sauti ne, daga waje yake, nan dab da gwiwoyinmu. Na manta da kunya na ce, "Baba, tsaya nan." Na sa duwatsu a bayan tayoyi, na buɗe bonet, na ce ya sa giya, ya danne birki, ya ɗan saki kuloci yana ba ta wuta. Ina tsaye ina kallo injin ya karkata gaba ɗayansa ya kwanta baya. Robar da yake zaune a kanta ta gefe ɗaya ta tsage gida biyu. In ba kaya, injin yana zaune lafiya. In an yi lodi aka zo hawa, sai ya kwanta ya dinga dukan ƙahon nan, ƙahon yana dukan jikin mota. Har ya yi wa ƙarfen wurin wani ɗan rami mai sheƙi.

Sau huɗu hannuna yana wucewa ta gefen wurin nan ina kawar da ido. Da na leƙa sau ɗaya, da na ga ramin, da na ga robar.

Ya fito ya tsaya a gefena. Ba yadda zan yi, na nuna da yatsa na ce, "Baba, a gafarce ni. Injin lahiya yake. Roba ce ta tsage, shi ne yake bugun wanga abu naka da ka ɗaure."

Ya leƙa, ya daɗe yana kallo. Sannan ya juyo, karo na farko a rayuwata muka haɗa ido. Ya ce, "Nawa? Ai ni na aza kai ka ɗaura min shi sadda motar ta kwana wurinka. Na ga kulawa ce ta ɗa, shi ya sa ban ce komi ba."

Ashe na mai motar na da ne. Ni ina girmama shi don na suruki ne, shi yana girmama shi don na suruki ne, mai abin kuwa ya sayar da motarsa ya yi gaba ko tunawa bai yi ba. Ya karɓi filaya a hannuna ya yanke wayar da kansa, ya ajiye ƙahon a gindin wata bishiya. Na ji wata dariya tana taso mini, ta sauƙin rai. Na ce, "Alhamdu lillahi, Baba, ba sai an taɓa shanu ba. Robar nan ko kuɗin buhun albasa guda ba ta kai ba."

Ya goge hannunsa da gefen riga, ya dubi hanya. Ya ce, "Jan ya tahi tun jiya. Dillali ya zo har gida. An ɗora su babbar mota da yamma, sun yi Kudu."

Jiya. Ranar da nake zaune a gareji ina cewa gobe zan je. Na tsuguna a bakin kwalta, ba don gaisuwa ba wannan karon. Na ce, "Baba, laihina ne. Ban taɓa jin kukan nan ba sai yau, na ce maka inji ya mutu." Ya ce, "Tashi, Malam. Haka Allah Ya so. Mu kai albasar nan kada rana ta dafa ta."

Washegari na sa sabuwar roba, aikin da bai kai awa ɗaya ba. Motar ta ƙara shekaru tana aiki da injin nan da na yi wa jana'iza. Amma sa ɗaya ba ya jan garma. Ya sayi wani daga baya, sai dai ba horarre ba ne, farin kuma ya ƙi tafiya da shi, ga ruwa ya riga ya sauka. Daminar nan da garmar hannu aka yi huɗar gonarsa. Na rufe gareji kwana tara na je na kama masa, hannuwana da suka saba da sifana suka yi ƙulu-ƙulu da bororo. Duk yamma in mun dawo sai mu iske farin a turke yana kuka yana kallon turken da ba kowa. Dattijon nan bai taɓa tayar mini da maganar ba har ya koma ga Allah. Da ya zage ni ma da na fi samun sauƙi.

Ban daina ganin girman manya ba, har gobe ina durƙusa musu. Amma na gane cewa kunyar da za ta hana ka tambayar mutum abin da ke damunsa ba shi take karewa ba, kai take karewa, shi kuma ya ɗauki asarar. Na kuma gane cewa "ban sani ba" ba ta rage mai sana'a da komai. Tun daga ranar, duk wanda ya kawo mini mota mai kuka, ko waye shi, sai ya yi mata lodin da ya saba, ya shiga ya tuƙa, ni kuma in zauna a gefensa. Abin da ban ji da kunnena ba, bakina ba ya yanke masa hukunci.