Katangar Inna Riskuwa

A unguwarmu ta Argungu, da wuya ka jingina da katangar ƙasa wadda ba hannun Baba Tamba ne ya ɗora ta ba. Magini ne tun yana saurayi, gajere, mai faɗan tsiya a kan aiki. Amma gidansa da zana aka kewaye shi. Matarsa Inna Riskuwa, yayar mahaifiyata, tun tana amarya yake ce mata rani mai zuwa zai yi mata katanga. Har ta yi jikoki awakin maƙwabta na leƙa mata tukunya.

Bara ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ɗansa Aminullahi ya kai shi gidansa a Badariya, Birnin Kebbi, don jinya. Hannun da ya gina rabin unguwa ko cokali ya kasa riƙewa, kuma abin ya ci shi ƙwarai, har magana ya rage.

Sai Yari, shugaban manoman shinkafar unguwar, ya ce kunya ce a bar gidan haka. Ya kira gayya. Aka kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, aka dunƙula tubali, mu mata muka ɗora tukwane. To su manoma, gayyar da suka sani ita ce ta gona: a shiga da safe da ganga, kafin la'asar an gama. Haka suka yi wa katanga. Tubalin bai gama bushewa ba suka yi ta ɗora sahu kan sahu, makaɗi na zuga su, kafin magariba katangar ta wuce kan mutum. Inna Riskuwa ta yi kuka don murna, ta ja tabarmarta gindin katangar ta ce nan ne wurin zamanta har ta mutu.

Ranar da aka dawo da Baba Tamba, unguwa ta taru tana jiran yabo. Aka riƙo shi har gaban katangar. Ya shafa da hannun hagu, ya ƙwanƙwasa, ya dubi inda cikinta ya ɗan turo. Na san fuskar nan. Ya gane cikin katangar ɗanye ne, ruwan farko zai kwantar da ita, ga kuma tabarmar matarsa a gindinta. Ga mutane sun zuba guminsu kyauta suna ta murmushi.

Ya juyo ya ce, "Yari, kwana nawa kunka yi kuna ɗora ta?"

"Wuni guda, Baba," in ji Yari yana washe baki.

"Allah shi saka da alheri. Ku rushe ta."

Inna Riskuwa ta ce, "Malam, shekara da shekaru ina jira, yau ka ce a rushe?"

"Ke za ta hwaɗa ma," ya ce. "Na iya zama babu katanga. Babu ke ban iyawa."

Ban taɓa jin ya yi mata magana mai taushi a gaban mutane ba. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, ta shige ɗaki tana cewa ciwo ya taɓa masa kai.

Yari ya ji haushi, ba a ɓoye ba. Amma da safe shi ya fara zuwa da diga. Aka sake kwaɓa ƙasar, aka bar ta ta kwana biyu ta yi danƙo, aka shanya tubali har ya yi ƙara in an buga. Baba Tamba na zaune a kujera da sanda, a ɗora sahu kaɗan ya ce a tashi, sai ya sha rana a dawo. Ya kori makaɗi. Ya zagi kowa, har da Aminullahi da ke zuwa ranar Asabar ya naɗe wando ya shiga kwaɓa. Mu dai murna muke, don mai faɗan nan shi muka sani, kuma abinci ya soma shigarsa.

Aka gama ana ganin hadari a gabas. Ranar yaɓe ya ce a matso da kujerarsa. Ya ɗebi ƙasa da hagu ya shafe daidai inda tabarmar Inna take, iya inda hannunsa ya kai. Gaskiya a duk Argungu ban ga yaɓe mai muni kamarsa ba, sawun yatsu a karkace, wani wuri tudu wani rami.

Damina ta zo ta wuce, katanga ko gezau. Aminullahi ya kawo shawarar a shafe ta da siminti don ta daɗe. Inna Riskuwa ta ce a shafe ko'ina, ban da nan. A wurin take jingina bayanta kullum da hantsi, tana tsintar shinkafa, tana yi wa Baba Tamba mitar ya tare mata iska.