Gwaggo Hansai da 'Ya'yan Ƙannenta

Ku da kuka san Gwaggo Hansai mai ƙosai ta bakin tashar Rano, kun san da zarar ta sauke gyale ta ɗaure a ƙugu, to an kama baƙo ke nan. Sai ta bar mai a kan wuta, ta bi bayan 'yan sanda tana jan silifas, matsami a hannu. Ƙosan da ya ƙone saboda baƙi, Allah kaɗai Ya san yawansa! Matar baffana ce, amma duk tasha Gwaggo ake ce mata, har 'yan sandan.

Tun da aka dawo mulkin farar hula ta sayi 'yar rediyo, shi ke nan muka shiga uku. Ko musun gishirin miya kuke, sai ta ce, "An faɗa a rediyo!"

Wata ranar kasuwa aka sace babur, aka kwashi 'yan ci-rani, har da Agali, Buzun nan mai shayi. Gwaggo ta faɗa caji ofis ko sallama babu.

"Saje Mamman, me ɗan ƙanwata ya yi?"

Saje ya dubi Agali, dogo, fari, rawani har hanci. "Gwaggo, wannan ne ɗan ƙanwarki?"

"Arewa ta yi aure."

"Wancan makon kin ce ɗan Chadin nan ma ɗan ƙanwarki ne."

"Ita gabas aka kai ta. Mu gidan yawa ne. Ka gaya masa laifinsa! An faɗa a rediyo, ba a tsare mutum sai ya ji dalili. Rawanin ne laifi, ko shayin ne ba sukari?"

Dalili babu, mai shaida babu. Kafin la'asar Agali yana fifita gawayinsa.

Amma ranar da na yi dariya har da hawaye ita ce ranar Buba. Bawan Allah ne da ya gudo wa yaƙi daga Afirka ta Tsakiya, ba ya jin Hausa ko ta "zo in kashe ka", sai Fulatanci. Aka tsare shi don ba a gane inda ya fito ba, ana batun a tura shi iyaka, matarsa kuwa tana zaune a tasha da jariri. Mun iske ana shirin dangwala masa yatsa a kan bayanin da bai san me ke ciki ba.

Gwaggo ta riƙe hannunsa gam. "Ba ya dangwalawa sai da tafinta!"

"Ina za mu samu tafinta yanzu?"

"Ga ni."

Jama'a, Fulatancin Gwaggo kaf na cinikin nono ne: "jam", wato lafiya, da "kosam", wato nono.

Saje ya ce, "To, tambaye shi sunansa."

Ta gyara murya, ta dubi Buba. "Kosam?"

Buba ya zaro ido, ya yi ta zuba magana. Gwaggo tana gyaɗa kai kamar alƙali.

"Me ya ce?"

"Ya ce bai yi ba."

"Gwaggo, sunansa fa na tambaya!"

"Sunan ma bai yi ba."

Saje ya kifa kai a kan tebur. Dole aka aika ƙauyen Tarai aka ɗauko Arɗon Fulani a kan babur. Da Arɗo ya fassara abin da ya koro Buba daga gida, aka janye takardar bayanin. Saje da kansa ya ce mai neman mafaka ba a mayar da shi bakin wuta, ya haɗa shi da masu kula da 'yan gudun hijira a Kano. Matar da jaririn kuwa a ɗakin Gwaggo suka zauna har aka gama.

Sai ga ranar da aka kama Sule na Unguwar Gai, ɗan ƙanwarta ta gaske, wadda suke uwa ɗaya uba ɗaya, ya yi dambe a wurin kallon ƙwallo. Muka ce yau aiki ya zo gida. Ta je, ta leƙa shi.

Saje ya ce, "Shi ma ɗan ƙanwarki ne?"

"Wannan kam shi ne. An gaya masa laifinsa?"

"An gaya masa."

"To ku riƙe shi ya huce. Yana da Hausa a bakinsa, ya san hanyar gidansu. Ƙosaina na ƙonewa!"

Sule bai gaishe ta ba har aka yi girbi.

Sai da ciwon ajali ya kwantar da ita na ji abin da ban taɓa ji ba. Ina ba ta kunu ta ce, "Ni ma a goye aka shigo da ni garin nan, shekarar wata yunwa. Inna ta ce ta yini a bakin kasuwa tana magana, ba wanda ya ji yarenta, har wata tsohuwa ta kama hannunta." Ta kurɓa, sannan ta ce kunun ba tsami.

Gwaggo, yau ke ce a inda ba ki san kowa ba. Allah Ya karɓi baƙuncinki, Ya sauƙaƙa miki tambaya, Ya sa kin sauka gidan rahama. Amin.