Gershon Mai Kiran Suna a Taron Gari

A ƙauyen su Gershon, can bayan Manchok, kowa na da damar kawo magana a taron gari na bayan Kirsimeti, a jefa tsakuwa cikin ƙwaryar "i" ko ta "a'a". Rijiya ce, ranar kasuwa ce, awakin da ke cinye dawar mutane ne, duk an sha yi. Abu ɗaya tak dokar ƙungiyar gari ta hana a kawo, shi ne maganar tsohuwar maƙabarta ta gindin dutse.

Gershon manomin citta ne, siriri, ga murya kamar ƙararrawar majami'a. Tun yana saurayi aikinsa ɗaya a taro: duk wanda magana ta shafa, sai ya tsaya bakin ƙofa ya kira sunansa kafin ƙuri'a, in an tashi kuma ya sallame shi da suna. Matarsa Bernice, wadda ba macen da ke kamo ta wajen tsaga citta, tana kwance a maƙabartar nan tun bara waccan. Kewarta ta kusa kashe shi.

Kwatsam sai ga Wilfred, ɗan garin da ke aikin gwamnati a Kaduna, wai a kwashe kaburburan a fitar da hanyar motocin citta zuwa Kafanchan. Kai, yaron nan akwai baki! Kafin rana ta take tsaka ya sa an soke dokar. Gershon ya miƙe tsaye, don kabarin Bernice ne na farko a bakin hanyar.

Ya ce, "Ɗana, ka san dalilin dokar kuwa? In za a yi ƙuri'a a kan matattu, dole in kira su."

Wilfred ya yi dariya. "To kira su mana, Baba. Wa ya riƙe maka baki?"

Gershon ya fita bakin ƙofar ajin firamaren da ake taron, ya fuskanci dutse, ya shiga kiran matattu ɗaya bayan ɗaya. Dariya ta mutu. Ko kaza ba ta yi kuka ba. Da ya zo kan Bernice, sai da ya maimaita sunan.

Aka jefa tsakuwa. Da aka zo ɗaga ƙwaryar "a'a", sai da mutum biyu suka kama. Tsakuwoyin ciki sun fi mutanen ɗakin yawa nesa ba kusa ba, rabinsu kuma jiƙe sharkaf da jar laka, alhali rabon garin da ruwan sama tun kafin girbi. Wilfred bai nemi a sake ƙirga ba. Fasto ya yi addu'ar rufewa yana haɗa gumi, jama'a suka watse ba mai kallon wani.

Gershon ya koma bakin ƙofa yana sallamar waɗanda ya kira, kowa da sunansa, "Ka koma lafiya, ki koma lafiya." Da ya rage sunan Bernice kaɗai, sai ya ɗauki sandarsa ya nufi gida.

An yi maganar, an gaji. Maƙwabciyarsa Jacinta ta roƙe shi har da hawaye ya sallami matarsa, ya ce shi bai san abin da take faɗa ba. Amma da rana tsaka, yana zaune a ƙofar gida hannunsa ba komai, in ka wuce za ka ji wuƙa tana tsaga citta a bayan ɗaki, da sauri, ba ta hutawa. Har yau bai sallame ta ba.