Kunnen Aro

Babanmu bakanike ne, kuma duk layin garejin Baba Kunne suke ce masa. Mota za ta shigo tana tari, kafin direba ya buɗe baki ya ce masa, "Fulogi ne," ko "Bel ɗinka ya saki." In matsalar ta ɓuya, sai ya ɗora tsinin doguwar sukundirebarsa a kan inji, ya manna ƙotar a kunne, ya lumshe ido kamar mai sauraren gulma ta bango. Da wannan kunnen ya ciyar da mu.

Maƙwabcinsa sa'ansa ne, tsohon mai gyaran rediyo da ake kira Mai Kwamfuta, saboda na'urar da yake jona wa mota a ƙarƙashin sitiyari ta fito da lambar abin da ke damun inji. Baba bai taɓa raga masa ba.

"Mai duba ya fito," in ji shi kullum da safe. "Yau wa za a yi wa ƙarya?"

"Ci gaba dai," in ji Mai Kwamfuta. "Ranar da kunnen ya yi ritaya, ina nan."

Ashe ranar na tafe. A gida muka fara lura: rediyo a ƙure, Inna ta yi ta kira ba amsa. Shi kuwa ya ce mu ne muke magana ciki-ciki. A gareji ya shiga mayar da motoci, wai aiki ya yi masa yawa. Ya gwammace a ce ya yi girman kai da a ce ya kurmance. Abin ya ba ni haushi, ya kuma ba ni tausayi, musamman da na ji ya yi wa wani alkawarin sayar masa da kayan aikinsa.

Ana haka wata ungozoma da ta daɗe tana kawo masa gyara ta zo, fitilar gargaɗin inji ta kama, motarta sai karkarwa take. Ta rantse ba mai taɓa motar sai Baba. Na kawo masa abincin rana na tarar da shi tsaye, sukundireba a kunne, gumi na zuba. Ya daɗe a haka kafin ya sauke ta.

"Je ki kira min wancan," ya ce, bai dube ni ba.

Na tafi ina jiran Mai Kwamfuta ya rama. Bawan Allah sai kawai ya tashi ya biyo ni. Ya jona na'urarsa, ya matso kusa da Baba, ya ɗaga murya.

"Silinda ta uku ba ta cin wuta daidai. Iyakar sanin na'urar ke nan. Ko fulogi ne, ko koyil, ko nozul, ba ta faɗa. Ni sai dai in yi ta canji ina gwadawa."

"Ta uku ka ce?" in ji Baba.

Inji na aiki, ya bi nozul-nozul ɗin masu fesa mai da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Sauran na bugawa kamar jijiyar hannu, na ukun shiru. Ya bi wayarsa da lalube har bayan inji, ya zaro ta: ɓera ya ci rabinta. Ya haɗa, ya naɗe. Mai Kwamfuta ya goge lambar, suka zaga da motar suka dawo, fitila ba ta sake kamawa ba.

Yanzu sun cire langa-langar da ta raba rumfunansu. Ɗaya na kiran lamba da iyakar ƙarfinsa, ɗaya na cewa, "Daina min ihu, ni kurma ne?" Rannan Inna ta tambayi Baba ko mai sayen kayan aikin zai zo. Baba ya ci gaba da goge sukundirebarsa kamar bai ji ba. Wannan karon kam na tabbata ya ji sarai.