Sunayen da Na Hana Baba Faɗa

Lokacin ƙidayar jama'a ta ƙarshe Baba yana da rai, amma idonsa ya riga ya tafi. Muna zaune a wata unguwa kusa da Likoro, ina noman rake da masara. Karatuna bai wuce firamare ba, amma a gidanmu ni ake kira mai boko, ni kuma na ɗauki kaina da girma fiye da kima.

Tun da aka fara shela a rediyo Baba ya fahimci abin a wata fuska. A tunaninsa gwamnati ce ta aiko a rubuta asalin kowane gida. Ya sa aka wanke masa farar rigarsa, ya riƙa zama a zaure yana motsa baki yana lanƙwasa yatsu. Na san abin da yake bita, sunayen kakanninsa ne. Asalinmu Maguzawa ne. Baba ya musulunta yana saurayi, ƙanensa kuma ya zama Kirista, ya tafi kudancin Kaduna neman aiki, bai sake dawowa ba. Ni kuwa a lokacin ina son a riƙa sa ni gaba a masallacin unguwa, ba na son a tuna da wannan.

Mai ƙidayar wata malamar makaranta ce. Ta zo da rana tsaka, mai unguwa da wasu mutane na biye da ita. Bayan doguwar gaisuwa ta tambayi sunan maigida. Baba ya gyara zama ya ce ta nemi shafi mai faɗi, domin mutum bakwai ne kafin a zo kansa. Ta yi murmushi ta ce waɗanda suka kwana a gidan kaɗai ake rubutawa, amma ya faɗa, tana son ji. Ya faɗi na farko da inda kufan gidansa yake. Sunan ba na Musulmi ba ne, sai wani cikin 'yan rakiya ya yi dariya ƙasa-ƙasa. Baba ya ce kafin ya ci gaba, kada a manta da ƙanensa da ke kudu.

A nan na katse shi.

"Baba, ba tatsuniya aka zo ji ba. Malama, tsufa ne, ki rabu da shi. Ba shi da wani ƙane."

Baba ya miƙa yatsa aka shafa masa tawada, ya laluba sandarsa ya shige ciki. Bai sake ɗauko zancen ba, ni ma ban tambaya ba. Damina biyu bayan haka ya rasu.

Bana, da farkon damina, wata mata ta yi sallama a gidana. Kafin ta faɗi ko ita wace ce na ga goshin Baba a fuskarta. 'Yar baffana ce. Mahaifinta ya daɗe da rasuwa, mijinta ma haka. Ɗanta na fari zai yi aure, dangin yarinyar sun yi bincike sun gamsu da ɓangaren ubansa, amma sun ce ita uwar ba wanda ya san daga ina ta fito. Sun ba ta zuwa bayan girbi ta kawo asalinta. Ta ce mahaifinta ya sha gaya mata cewa yayansa ne ke riƙe da sunayen gidan, kuma duk ranar da aka zo ƙidaya zai sa a rubuta su, har da shi.

Sai na yi ƙarya ta biyu. Na ce an rubuta, takardun suna ofis. Na ɗauka za ta gaji ta koma.

Ba ta gaji ba. Ta je ofishin ƙaramar hukumarmu a Kudan. Wani a tasha ya ce mata ai da can ƙarƙashin Makarfi muke, ta je Makarfi. Daga nan aka tura ta ofishin Ikara. Ko'ina magana ɗaya aka yi mata cikin mutunci, cewa ƙidaya adadi take fitarwa, ba tarihin gida ba, kuma ba a buɗe wa mutum takardunta. Ranar da ta dawo ƙafafunta sun kumbura, ashe tana fama da hawan jini. Ta zauna a tabarma ta ce ta ji ƙidaya mai zuwa da na'ura za a yi.

"Yaya, ko in roƙi dangin yarinyar su jira? In an zo sai ka sake faɗa, a buga mini."

Na ce mata wannan ƙidayar kullum ɗage ta ake yi. Ko gobe aka yi ta, na'ura abin da aka gaya mata take riƙewa, ni kuwa ba ni da abin gaya mata. Daga nan na faɗa mata komai, har da maganar da na yi a zaure.

Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon ƙafarta, sannan ta ce, "Amma ya ce kada a manta da babana?"

"Ya ce."

Washegari ta bar mini lambar wayarta ta tafi.

Tun daga ranar nake yawo a kan babur. Na bar ciyawa ta ci masarata. Na je ƙauyen Taba neman wani tsoho da ya san Baba, aka ce ya rasu bara. Na tsaya a ƙofar cocin da a da ko kallonsa ba na yi, ina tambayar dattawa ko sun san gidanmu. Kufan da Baba ya ambata ya zama gonar rake, mai gonar bai ma san an taɓa zama a wurin ba. A Kurmin Kogi na sami wata tsohuwa da ta yi wasa da Baba suna yara. Da na faɗi ko ni ɗan wane ne ta tuntsire da dariya.

"Au, kai ne mai bokon da ya fi ubansa sani? To zauna a ƙasa, malam, yau kai ne ɗan aji ɗaya."

Na zauna a ƙasa. Ta tuna suna biyu, amma ba ta san wa ya haifi wa ba. Na koma sau uku, kullum sunaye biyun nan ne, ranar ƙarshe ma ba ta gane ni ba. Da wanda na ji daga bakin Baba kafin in katse shi, uku ke nan cikin bakwai.

An gama yankan dawa makon jiya. Shekaranjiya 'yar baffana ta kira ni bayan la'asar. A aljihuna akwai takarda da na rubuta sunaye huɗu na ƙirƙira, masu kama da na mutanen da, waɗanda ba mai iya ƙaryata su. Na fito da ita. Ta tambaya ko na samo.

Na ce, "Uku na samu, ƙanwata. Ban ma san jerinsu ba."

Sai ta ce in faɗa a hankali, biron ba ya ci sosai. Da ta gama rubutawa ta ce dangin yarinyar za su zo ranar Asabar, kuma ba ta da namiji babba daga gidan ubanta da zai zauna da su.

"Za ka zo?"

Na ce zan zo. Gobe da safe zan hau motar kudu. Idan suka tambayi na huɗu, ban san abin da zan ce musu ba sai dalilin da ya sa ban sani ba.